Motar Yayana, Gangaren Hawan Kibo, da Allon da Ya Ce Komai Lafiya

Yau ba da maganar waya zan fara ba, kodayake wayar za ta shigo daga baya. Labarin wata mota ne da ba tawa ba, wadda na kusa hallakawa, in hallaka kaina da abokaina uku, alhali allon gabanta yana nuna mini komai lafiya lau. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi don akwai kunya a ciki. Amma ina ganin yadda samari ke tura wa juna hotunan motocin tsere a WhatsApp, kowa na lissafin kuɗin saye, ba mai lissafin kuɗin riƙo, sai na ce gara in faɗa.

Motar BMW M3 ce, ƙirar 2011, mai ƙofa biyu, wadda masana ke kira E92. Yayana ne ya sayo ta ta hannu daga Amurka, aka sauke ta a Legas, ya kawo ta Abuja. Ga wanda bai san ta ba, daga nesa kamar sauran BMW take, amma abin da ke ƙarƙashin bonet daban ne. Inji ne mai silinda takwas, lita 4, ƙarfin doki 414, kuma yana iya juyawa har sau 8,400 a minti ɗaya. Corolla tawa ana wuce 6,000 kaɗan ta kai jan layi. Ku riƙe wannan lamba ta 8,400, don kusan duk tsadar kula da motar daga nan ta samo asali.

Bai yi wata biyar yana hawanta ba aiki ya kai shi Doha. Ranar da zai tafi ya miƙo mini makulli ya ce, "Auta, ga amana nan. Ka riƙa ɗumama ta, kar ka bari ta lalace a tsaye." Na ce, "Yaya, ai kamar ka bar ta a hannunka." Wallahi har zuciyata haka nake nufi.

Ga yadda na riƙa yi. Duk Asabar da safe in buɗe but, don a can batirinta yake, in mayar da kan batir, in tayar da ita, in bar ta tana aiki a tsaye minti goma. Kafin in kashe sai in taka totur sau uku ko huɗu don jin kukan nan nata, yaran layi su taru suna ihu. Daga nan in kashe, in cire kan batir don kada ya sauka, in ja tamfol in rufe. Wani lokaci in kai ta masallacin Juma'a in dawo, tafiyar da ba ta fi kilomita huɗu ba. A lissafina ba wanda ya kai ni iya riƙon amana: ba na yawo da ita, ba na ba kowa aro, maleji kusan bai motsa ba.

Da shekara ta zagayo sai na ce bari a yi mata juye. Na kai ta wurin makaniken unguwarmu, wanda ke duba mini Corolla, mutumin kirki ne, ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Ya tsiyaye baƙin mai, ya zuba wanda yake zuba wa kowa, mai lamba 20W-50, ya sa filta da ya ce daidai take. Sai yaronsa ya shiga ciki ya daddanna wani maɓalli da ke jikin allon maleji, ya yi ta dannawa, ya fito ya ce, "Oga, na goge maka duka." Na duba, kowane layi na sabis ya koma OK. Har ɗari biyar na ƙara masa don jin daɗi.

Bayan wata bakwai abokinmu ya yi aure a Jos. Na kira Yaya na nemi izini, ya ce ai gara ma ta yi doguwar tafiya, ya tambaye ni ko an yi sabis, na ce an yi, allo ma ya nuna komai daidai. Zuwa lafiya lau. A wurin biki kuwa, ba sai na faɗa ba, ango kansa sai da ya nemi a ɗauke shi hoto a jikinta.

A dawowa ne abin ya faru. Duk wanda ya san hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, bayan an wuce Riyom, inda hanya ke gangarowa daga saman tsauni tana lanƙwasa. Mu huɗu ne a ciki, but cike da kaya. Tun kafin mu kai gangaren na ɗan yi abin samari, in taka ta sosai a miƙaƙƙen wuri, in danne birki a kwana. Da muka fara gangara sai muka tarar da tirela a gaba tana rarrafe, na bar giya a D, na ɗora ƙafa a kan birki na bi ta a hankali. Wanda ke gefena ya ce yana jin ƙaurin wani abu, muka ce ai na tirelar ne. Can a wata kwana na taka birki, sai ƙafata ta tafi ƙasa kamar na taka soso. Na sake takawa, ta kusa taɓa ƙasa, motar kuma ba ta rage gudu yadda ya kamata ba.

Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, abin da ya fara fita daga bakina salati ne. Allah ya taimake mu ba gudu muke sosai ba. Na riƙa bugun birkin da sauri da sauri har ya ɗan kama, na ja ɗan filafilin da ke bayan sitiyari na sauke giya zuwa ta uku, zuwa ta biyu, injin ya ɗauki kuka ya riƙe motar, na ɗaga birkin hannu kaɗan kaɗan, muka samu wani fili a gefen hanya muka tsaya. Da muka fito, tayar gaba ta dama hayaƙi take, ba ka iya kai hannu kusa da ƙarfen. Ba wanda ya yi magana na kusan minti biyar.

Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne wannan: bayan kamar minti arba'in na shiga na taka birkin, ya dawo da tauri kamar ba abin da ya faru. Abokaina suka ce to ai ya gyaru, mu tafi. Na kusa yarda. Abin da ya hana ni kawai tunanin me zan faɗa wa Yaya in aka sake. Muka nemo janwe, aka ɗora ta har Abuja, kuɗin da na biya ya fi abin da na kashe a bikin gaba ɗaya.

Washegari aka haɗa ni da wani dattijo a garejin Apo wanda aikinsa motocin Jamus ne kawai. Bai fara da kwamfuta ba. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin robar man birki, ya tsoma wani abu mai kama da biro, fitilunsa suka kama har zuwa ja. Ya ɗebo man a sirinji ya nuna mini, launinsa kamar shayin da ya kwana. Ya ce, "Samari, yaushe rabon a canza wannan?" Na ce allo ya nuna saura fiye da shekara. Ya yi dariyar da ba ta yi mini daɗi ba, ya ce, "Allon ɗanɗana man yake yi?"

A nan na fara karatun da ya kamata in yi tun ranar da aka ba ni makulli, kuma shi nake so in ɗan tsaya a kai.

Man birki yana shan danshin iska. Ko motar na tafiya ko tana ƙarƙashin tamfol, a hankali ruwa na shiga cikinsa ta jikin tiyo da murfi. Irin da wannan mota ke amfani da shi, DOT 4, in sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Celsius. In ya sha ruwa kamar kashi uku da rabi cikin ɗari, ma'aunin da aka gindaya masa ya sauko zuwa digiri 155. To birki aikinsa ke nan, mayar da gudu ya zama zafi. In man ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake, ba kamar ruwa ba. Ka taka, maimakon ƙarfin ƙafarka ya isa taya sai ya ƙare wajen matse tururin. In ya huce tururin ya koma ruwa, birki ya dawo, kai kuma ka ɗauka an rabu da matsala. Shi ya sa kamfanin ya ce a canza man birki duk shekara biyu, bai ce duk kilomita kaza ba. Ƙari a kan haka, dattijon ya gano ƙusoshin da abin matse faifan birki ke zamewa a kansu sun cije a tayar gaba ta dama saboda tsatsar zama, wato tun daga Jos takalmin birkin ke gugar faifai yana tara zafi. Tsohon mai, birki mai cijewa, mutum huɗu da kaya, ga gangare, ga direban da ya ɗora ƙafa a birki maimakon ya sauke giya. Duk sun haɗu a kwana ɗaya.

To me ya sa allon ya ce lafiya? Nan ne abin ya shafe mu masu son na'ura. BMW na wancan zamani suna da tsarin da ake kira CBS, kwamfuta ce ke lissafa lokacin kowane sabis: baƙin mai, takalmin birkin gaba da na baya, man birki, filtar iskar cikin mota, fulogi, da duba mota gaba ɗaya. Wasu tana lissafa su da na'urar auna abu, misali takalmin birki akwai waya a jikinsa da ke sanar da ita in ya cinye. Amma man birki kwanaki kawai take ƙirgawa. Kuma littafin motar ya yi gargaɗi a fili cewa lokacin da batir yake cire ba ya shiga lissafi, sannan dole kwanan watan da ke allon ya zama daidai. Ni kuwa kwana shida cikin bakwai kan batir a cire yake. Kafin ni ma, Allah kaɗai ya san watannin da ta yi a filin gwanjo da cikin jirgin ruwa da tashar Legas batir a mace. Sannan yaron makanike ya zo ya mayar da ƙirgen kowane abu farko ba tare da an taɓa man birkin ba. Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba, abin da muka faɗa mata ta maimaita. Littafin nan kuwa yana cikin aljihun gaban motar tun ranar farko, a ledarsa, ban taɓa buɗewa ba. Ni da nake yi wa mutane faɗa a kan danna "Agree" ba karatu.

Da aka gama da birki sai ya tambayi baƙin man da ke ciki. Da na faɗa masa sai ya dafe kai. Wannan inji an ƙera shi ne a kan mai guda, 10W-60, na roba zalla, wato wanda makanikai ke ce wa sintetik, kuma yana shan kusan lita 8.8 in an haɗa da filta. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudana in inji ya yi sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin isa lungu da safe. Ta biyu tana nuna kaurinsa in ya yi zafi. Inji mai juyawa sau 8,000 da ɗoriya, tsakanin karanshaf da metal ɗin konrod tazarar ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a wurin ɗan siririn mai ne kawai. Saboda haka masu irin motar a ƙasashen waje suna yawan maganar metal ɗin nan, da yawansu suna canza shi tun bai nuna alama ba in mota ta haura kilomita 100,000, don in ya tafi, injin ne gaba ɗaya ya yi nokin.

Sai ga maganar ɗumamawar da nake alfahari da ita. Ashe ita ce mafi muni. In ka tayar da inji ya yi minti goma a tsaye, ruwan lagireto na iya ɗumi amma baƙin mai bai yi zafin da zai kore danshi da ɗigon fetur da ke gangarawa cikinsa ba, sai su taru su tsinka shi. Kuma taka totur a kan mai sanyi shi ne daidai abin da metal ba ya so. Abin haushi, motar da kanta tana faɗa. A agogon juyin inji akwai wani zobe mai launin rawaya da ja da ke matsawa: in inji na da sanyi iyakar tana ƙasa, tana hawa a hankali yayin da mai ke ɗaukar zafi, kuma a ƙasan agogon akwai ma'aunin zafin man. Ni na ɗauka ado ne. Dattijon ya ce in za ka ɗumama irin wannan mota, ka fita da ita titi a hankali, ka yi rabin awa ko fiye, har allurar zafin mai ta kusa 100, sannan ka dawo. In ba za ka iya ba, gara ka bar ta a kashe.

Wani abin da zai ba mai Corolla mamaki, ba ta da sandar auna mai. A allo ake dubawa, bayan an yi tafiyar kamar kilomita goma, a tsaya a wuri mai daidai inji na aiki. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ne, kuma irin waɗannan injina suna ɗan shan mai ko da lafiyarsu ƙalau, don haka ana ajiye galan ɗin lita ɗaya a but. Ba a kowane shago ake samun 10W-60 ba, kuma jabun mai ya yi yawa a kasuwa, kar ka jira sai allo ya nema kana tsakiyar hanya.

Game da tazarar juye, kwamfutar na iya barinka ka kai kilomita 20,000 ko ma 25,000 in tuƙinka mai sauƙi ne. Ra'ayin dattijon, wanda na koma kai, shi ne wannan lissafi an yi shi ne da titunan Turai da fetur ɗinsu a rai. Mu nan ga ƙurar hunturu, ga zafin Maris da Afrilu, ga cunkoson Nyanya da Mararaba inda inji ke aiki awa guda maleji bai ƙirga komai ba. Ya ce a yi juye duk kilomita 7,000 zuwa 8,000, ko shekara ɗaya, duk wanda ya riga zuwa. Wannan "duk wanda ya riga zuwa" shi ne abin da ban gane ba a da. Kuma ba BMW kaɗai ba. Ferrari tun 2011 take ba masu sayen sabuwar mota sabis na shekara bakwai kyauta, kuma sharaɗin shi ne duk kilomita 20,000 ko sau ɗaya a shekara, alhali yawancin motocin ba sa yin rabin wannan tafiya. Tsohuwar Ferrari F355 ma, bel ɗin da ke juya bawul ɗinta na roba ne, bayan 'yan shekaru sai an sauke injin ɗungurungum an canza shi ko da a ɗaki ta kwana. M3 dai an huta da wannan, sarƙa ce da ita. Nissan GT-R kuma nata salon daban: tazarar canza man giya ta danganta da iyakar zafin da man ya taɓa kaiwa, in ya haura digiri 140 to canji ya wajaba nan take.

Fetur ma magana ce. Injin yana son mai ƙarfin oktan 98, ya haƙura da 95. A gidajen manmu famfo ɗaya ne, ba a tambayarka wanne kake so. Kwamfutar injin tana jin in fetur ya fara fashewa kafin lokaci, sai ta ja baya don kare kanta, ƙarfi ya ragu. Abin da ke hannunka shi ne ka sha mai a gidan da ka yarda da shi, ka guji na bumburutu, kada kuma ka matsa mata da tsakar rana. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki shi ma lalacewa yake.

Sauran ba sai na ja su ba. Fulogi takwas ne, ana canza su wajen kilomita 60,000. Filtar iskar inji a duba ta bayan kowane hunturu, tamu da aka ciro kamar an tono ta daga rami. Lagireto ba a zuba masa ruwan famfo ko fiya wata, injin alminiyom ne, ruwansa na musamman ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa. Kodar baya tana da nata man mai kauri, 75W-140. Giyar kuwa mai kuloci biyu ce, gaba bakwai, ba a barin wanda bai san ta ba ya gwada sa'a a kanta.

Taya ce ta sake kunyata ni. Zanenta a cike, baƙa wuluk, ni ina ganin sabuwa. Ya durƙusa ya nuna mini rubutun DOT a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe: 2314. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato mako na 23 a 2014. Kowa ya fita yanzu ya duba tasa, ko Keke Napep gare ka. Roba tana bushewa da shekaru, BMW na ba da shawarar canza taya in ta kai shekara shida ko da ba ta cinye ba, Michelin kuma ta ce bayan shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, kada ta wuce goma. Da waɗannan tayoyi na yi gudun da ba zan rubuta lambarsa a nan ba. Motar kuma ba ta da safaya, ɗan famfo ne da kwalbar gam a but, gam ɗin ma akwai ranar lalacewa a jikinsa, namu ya wuce da shekaru.

Daren nan na kira Yaya. Na yi ta shirya yadda zan fara, da ya ɗauka sai kawai na faɗa masa duka, har da totur ɗin Asabar. Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sai ya ce, "Su waye a motar?" Na lissafa masa. Ya ce, "Da me za ka faɗa wa iyayensu?" Bai yi maganar mota ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini zafi fiye da zagi. Daga ƙarshe ya ce shi ma da laifinsa, tunda ya saye ta bai nemi tarihin sabis ɗinta ba, allon ya duba kamar yadda na duba. Muka raba kuɗin gyara, ya ɗauki tayoyi, na ɗauki sauran. Wayar da na yi wata shida ina tara wa kuɗi, a nan ta tafi.

Yanzu ga inda waya ta shigo, kuma wannan zai yi wa mai kowace irin mota amfani. Abu na farko da na yi, na daina dogara da ƙwaƙwalwar motar, na buɗe tawa. Na sauke manhajar Drivvo daga Play Store, akwai kuma Fuelio, duk suna karɓar kwanan wata, maleji, abin da aka yi da kuɗin da aka kashe. In ba ka son ƙarin manhaja, Google Sheets ya isa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tunatarwa ta kwanan wata: ka buɗe Google Calendar, ka danna alamar ƙari, ka rubuta "man birki", ka sa ranar da ta cika shekara biyu daga ranar da aka canza, ka sa ya faɗakar da kai mako biyu kafin nan. Baƙin mai ka sa ya maimaita duk shekara. Kalandar tana cikin asusunka na Google, ko an cire batirin mota ko an sace wayar ba ta daina ƙirga ba.

Na biyu, hoto. Duk abin da za a zuba wa motar ina ɗaukar galan ɗin kafin a fasa, in ɗauki maleji, in ɗauki rasit, in ɗauki tsohon abin da aka cire. Na buɗe kundi a Google Photos na saka Yaya a ciki, yana Doha yana ganin komai. Ranar da za a sayar da motar, wannan kundi kuɗi ne.

Na uku, 'yar na'urar OBD2. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wannan soket, a M3 yana ƙarƙashin sitiyari ta hagu. Ana soka na'urar, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner, sai ka ga zafin ruwan inji, ƙarfin batir, da lambobin matsala. Misali P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana fashin wuta. Masu BMW suna amfani da Carly don ganin abin da ya fi haka zurfi. Gargaɗi biyu: kada ka goge lamba kafin ka ɗauki hoton allo, don gogewa ba gyara ba ce, shaida kawai ka ɓatar. Kuma ka zare na'urar in ka ajiye mota, masu arhar nan suna shan batir. Ka sani kuma ba za ta gaya maka man birki ya sha ruwa ba, wannan sai ɗan biron gwajin nan, shi ma ba tsada gare shi ba, na sayi nawa. In kuma mota za ka saya daga Amurka, ka karɓi lambar VIN mai harafi da lamba 17 ka bincika a Carfax kafin ka biya ko sisi.

Batir kuwa na daina cire kansa. Na sayi ƙaramar caja mai riƙe batir a cike, ina maƙala ta a wuraren da aka tanada a ƙarƙashin bonet, na jona ta da inbatar gidanmu tunda wutar NEPA sai a hankali. In an canza batir a irin wannan mota ma sai an sanar da kwamfuta cewa sabo ne, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho.

Har yanzu motar tana wurina. Ranar Asabar bayan sallar asuba nakan fita da ita ta hanyar filin jirgi, ba na wuce juyi 3,000 sai allurar mai ta tashi, in je in dawo kamar minti arba'in, in taka birki sosai sau biyu ko uku a inda ba kowa don kada ya sake cijewa. Yaran layi sun daina taruwa, ɗaya ma ya tambaye ni ko motar ta lalace ne da ba ta kuka. Makon jiya waya ta yi ƙara ina tsakiyar cin tuwo, na duba, "man birki, saura kwana 14." Na tura wa Yaya hoton allon, ya turo mini da amsa: "Na Corolla fa?" Na je na buɗe bonet ɗinta na tsoma biron. Ja ya nuna.